Ƙarafa Shida a Ƙarƙashin Murfin Jita

Ni mace ce da ba ta iya ganin abu a karkace ta wuce. Ko gidan mutane na je na ga kalanda ta jirkice a bango, sai in yi ta mutsu-mutsu a kan tabarma har matar gidan ta tashi ɗebo mini ruwa, in yi wuf in gyara. Ɗinki ne sana'ata, a barandar ɗakina da ke unguwar Dogo Tebo a Potiskum kekena yake, kuma mai ɗinki in layi ya kauce da faɗin farce ita ce take fara gani. Maigidana ya sha ce mini da za a ba ni dama da tuni na miƙar da wutsiyar kare. Ina jin haushin maganar, amma ban taɓa cewa ƙarya ya yi ba.

Shi kuma da safe direban napep ne, da yamma makaɗin jita. Jitar ta lantarki ce, ja, fentinta ya koɗe a inda damtsensa yake kwanciya, kuma ta girmi aurenmu. Yana da abokin kiɗa mai fiyano a Yindiski, su biyu ake kira in ana biki a unguwannin nan namu. Kakansa molo yake kaɗawa, shi ya sa har yau wayoyin jitar tsirkiya yake ce musu, ƙarfen da suke hawa kai a can gindi kuma jaki, kamar yadda masu molo suke faɗa.

Abin da yake taƙama da shi a duniya kunnensa ne. Matasan yanzu wayar hannu suke ɗorawa a gwiwa, ita ke faɗa musu ko tsirkiya ta hau ko ta sauka. Shi ko kallo wannan ba ta ishe shi ba. Sai ya karkata kai, ya kaɗa, ya murɗa makullin da ke kan jitar kaɗan, shi ke nan. Yana cikin ɗaki zai ce mini, “Hajiya tela, bel ɗin keken nan naki ya saki.” In duba in ga haka ne. Napep ta shigo layinmu, tun ba ta tsaya ba zai faɗi mai ita. Ban je Makka ba, tsokana ce ta sa yake ce mini Hajiya, har sunan ya bi ni.

Da damina ta yi nisa a shekarar da nake ba da labari, zazzaɓi ya kayar da shi. Mun ɗauka na kwana biyu ne, sai ga mu a gadon asibiti, ruwa na shiga, allura na bin allura. Mahaifiyarsa, da muke kira Baba, ta taso daga Damagum ta karɓi jinya, ta ce in riƙa komawa gida ina duba yara ina kawo abinci. Kwana goma sha ɗaya ya yi. Ranar da likita ya ce jibi za a sallame shi, na dawo gida da wani farin ciki da na rasa inda zan sa shi, sai na zuba shi a shara.

Na fitar da komai na ɗakinsa. Na wanke labule, na shanya katifa, na kori yanar gizo. Sai na zo kan jitar, tana jingine a lungu cikin jakarta. Ban taɓa taɓa ta ba sai dai in matsar in share ƙarƙashinta. Ranar na ce bari mutumin nan ya dawo ya tarar da abarsa tana ƙyalli. Na samo ƙyallen atamfa mai laushi na bi ta lungu-lungu. A gindinta akwai wani murfin ƙarfe da ya rufe jakin, na ja shi ya fita. Abin da na gani a ciki ya tayar mini da hankali. Ƙura da tsatsa ba su dame ni ba, waɗannan na goge. 'Yan ƙarafa ne guda shida, kowace tsirkiya da nata, kowanne da sukurunsa da ɗan sifirin a baya, kuma babu biyu da suke layi ɗaya. Wannan ya yi gaba, wancan ya ja baya, kamar haƙoran tsohuwar akuya.

Na ce a raina, Allah sarki, girgizar napep ce ta warwatsa su, shi kuma bai lura ba tunda murfi ya rufe. Na ɗauko ƙaramar sukudirebar kekena da tef ɗin awo. Na ɗauki na gaba duka, na siririyar tsirkiya, na mai da shi ma'auni, na bi sauran biyar ɗin ina juyawa ina aunawa har suka jeru reras. Na ɗauki lokaci a kai, don ba na aikin ganin ido. Da na gama na kalle su na ji daɗi har cikin raina. Na mayar da murfin, na sa ta a jaka. Ban faɗa masa ba, don ina so ya gani da kansa ya yaba. Daga baya hidimar mara lafiya da 'yan dubiya ta sa na manta sam.

Ya dawo ya rame, wuyansa ya yi tsawo, kuma ya dawo da wata ƙara a kunnen hagu. Ya ce kamar gyare ne ya shiga ya ƙi fita. Likita ya ce irin wannan zazzaɓi da magungunansa sukan bar haka, wani ya tafi, wani ya zauna, sai dai a jira. Baba ba ta yarda da jira ba. Kullum da hantsi sai ta narka man shanu a cokali, ta sa ya kwanta a cinyarta, ƙato da shi mai 'ya'ya uku, ta ɗiga masa tana yi masa faɗa da yarensu.

Sati guda bayan sallama, da la'asar, ya ce in miƙo masa jitar. Ya jona ta da 'yar sifikarsa a batirin sola, ya zauna a bakin gado. Ina baranda ina ɗinki, na tsayar da keke don in ji. Ya saita tsirkiyoyin ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, ya kaɗa su a sake, suka yi daɗi. Ya fara wani kiɗa a can kusa da kan jitar. Wuyan jita gaɓa-gaɓa ne kamar rake, kuma kiɗan nasa yakan fara daga sama ya gangaro zuwa cikinta, inda sauti yake sirancewa. Yana gangarowa sai ya tsaya. Ya sake saiti. Ya sake farawa, ya sake tsayawa a wuri ɗaya. Ya yi haka ya fi sau biyar.

Ya kira ni. “Zo ki tsaya nan. Saurara.”

Ya kaɗa. Ya ɗago ya dube ni.

“Kin ji wani abu?”

“Kamar me?”

“Kamar ba daidai ba.”

Ni kuwa kiɗa kawai nake ji. Kunnena na ɗinki ne, in ba allura ce ta karye ba ba na gane komai. Ga shi kuma ina so in kwantar masa da hankali. Na ce, “Wallahi lafiya lau nake ji, Maigida. Kamar da.”

Ya ce, “To.” Ya zare wayar sifikar ya naɗe ta a hannu a hankali.

Duk cikin abin da na yi, wannan amsar ce ta fi ci mini rai har yau. Da na ce ban sani ba, da ya ci gaba da zargin jitar. Da na ce lafiya lau, sai na tabbatar masa da abin da yake tsoro, cewa jitar ƙalau take, kunnen ne ya lalace.

Duk da haka ya yi bincikensa, ina kallo. Ya ɗaga jitar ya kai ta ido kamar mai duba bindiga, ya ga wuyan bai lanƙwashe ba. Ya bi makullan kai ya ga babu mai santsi. Tsirkiyoyin sababbi ne, sati biyu kafin ya kwanta ya sa su. Ya canza wayar sifika, ya gwada ba sifikar ma gaba ɗaya, ya manna kunnen dama a jikin katakon. Murfin nan ne kaɗai bai ɗaga ba. Daga baya na tambaye shi dalili, ya ce, “Wurin da na saita da hannuna tun kafin in san ki, kuma babu mai taɓawa sai ni, me zan je nema a ciki?”

Na ce masa ya ari wayar wani ya gwada mana, tunda an ce tana nunawa. Ya ce shi ba zai tambayi waya abin da Allah ya ba shi kyauta ba. Na ɗauka girman kai ne, har na yi masa tsiya a kai. Ashe tsoro ne. Gani yake in wayar ta ce daidai ne alhali shi yana jin ba daidai ba, magana ta ƙare.

Daga nan ya daina kiɗa. Ya koma tuƙi, yana fita yana dawowa, yana cin abinci, yana wasa da yara, amma labarin zuciya a tambayi fuska. Abokinsa mai fiyano ya zo har gida sau biyu, akwai biki a Yindiski, Maigida ya ce masa jiki bai gama dawowa ba. Jitar ta koma saman wardirof. La'asar ɗin gidanmu ta zama ba ta da komai sai ƙarar kekena, har na ji na tsani ƙarar. Rannan bel ɗin ya saki yana ta fat-fat, na bar shi da gangan ko zai yi magana. Ina ganin ya ji, don ya ɗago kai. Sai ya mayar da kan ƙasa bai ce komai ba. Ya daina yarda da abin da yake ji.

Baba, wadda dama can ba ta son kiɗan, ta ce masa da Hausarta mai nauyi, “Ai ya isa haka. Allah ne ya sauke maka kaya, ka gode masa.” Ya ce, “Haka ne, Baba.” Amma da ya fita, na ga ta bi bayansa da kallo, ta daɗe tana juya cokalin man shanun a hannu. Ta ce mini, “Yaron nan tun yana goye, in ana daka a maƙwabta sai ya riƙa bin taɓarya da kai.”

Wata biyu muka yi a haka. Da Baba ta ce za ta koma gida ta ga gonarta kafin a yanke gero, ya ce shi zai kai ta Damagum ranar Asabar. Sai ya ƙara da cewa, yana kallon bango, akwai wani malamin makaranta a can da ya daɗe yana roƙon ya koya masa jita. Zai tafi masa da jitar.

“Aro?” na ce.

“Kyauta. Abu yana ajiye yana lalacewa, gara a ba mai amfani da shi.”

Na buɗe baki zan yi faɗa, don faɗa ba ya yi mini wuya, na ga idonsa sai na fasa.

Ranar Asabar da safe Baba ta ɗaure kayanta, buhun garin da na yi mata da robar manja suna cikin napep a ƙofar gida. Ya sauko da jitar daga saman wardirof ya ajiye a tabarmar baranda.

“Ɗan goge mini ita. Kada a kai wa mutum abu da ƙura.”

Na ɗauko ƙyalle ina gogewa. Don kada in yi kuka sai na kama surutu. Na ce, “Ai ba ta yi wani datti ba. Da kana asibiti na yi mata wankan sarki. Har cikin murfin nan na shiga. Kai ko godiya ba ka yi mini ba, ga 'yan ƙarafan nan da suka warwatse duk na jera maka su.”

Yana ɗaura agogo ne. Hannunsa ya tsaya.

“Waɗanne ƙarafa?”

“Na cikin nan mana. Guda shida.”

Ya durƙusa a tabarmar. Ya sa babban yatsa ya ɓalle murfin. Ga su nan a jere reras, yadda na bar su, suna ƙyalli. Ya daɗe yana kallonsu. Ni kuma a lokacin ne na fara zargin na yi ɓarna, tun ban gama gane me na yi ba.

“Da me kika auna?” ya ce, murya ƙasa-ƙasa.

“Da tef.”

“Sun yi daidai kuwa.”

Sai ya rufe fuska da tafin hannu biyu, kafaɗunsa suka kama rawa. Na kasa gane dariya yake ko kuka. Da ya sauke hannun na ga duka biyun ne. Baba ta leƙo daga ɗaki da mayafinta a ka tana tambayar wa ya mutu. Ya ce, “Ba kowa, Baba. Zauna tukuna, tafiyar sai an jima.”

Ya jawo ni na zauna kusa da shi, ya yi mini bayani kamar yana koya wa 'yar aji ɗaya. Ya ce tsirkiya mai kauri da siririya ba tsawo ɗaya suke so ba. In ka danna mai kauri tana ƙara ɗaurewa fiye da siririya, sautinta ya hau, don haka dole a ja ƙarfenta baya a ƙara mata tsawo. Kowacce da inda take so a tsayar mata. Karkacewar nan da na gani, ita ce saitin. In an jera su layi ɗaya, a sake za su yi daɗi, amma da hannu ya gangara ciki sai kowacce ta kama gabanta.

“Wato wata biyun nan…” na ce, na kasa ƙarasawa.

“Wata biyun nan kunnena gaskiya yake faɗa mini, ni kuma ina ƙaryata shi.”

Nan na fashe da kuka, irin mai majina. Na ce ya yafe mini, na yi gyaran gangar Auzinawa, na kusa raba shi da abin da ya fi so. Na so ma ya yi mini faɗa, da na fi samun sauƙi. Bai yi ba. Ya ce, “Kukan ya isa. Ina sukudirebar? Wanda ya ɓata shi zai gyara.”

Na ɗauko ta daga aljihun keke. Ya jona sifika, ya ɗora jitar a cinya, ya juyo da gindinta wajena. Ya saita tsirkiyar da ta fi kauri duka. Sai ya kai yatsa gaɓa ta goma sha biyu, inda ɗigo biyu suke, ya ɗora shi a kan tsirkiyar sama-sama bai danna ba, ya kaɗa ya ɗauke. Wani siririn sauti ya tashi, kamar an taɓa kofin gilashi da cokali. Ya ce in riƙe wannan a kaina. Sannan ya danna a wurin sosai ya kaɗa. Ya ce waɗannan biyun dole su zama abu ɗaya. Da aka jera mini su kusa da kusa haka, ni ma da kunnen ɗinkina na ji na biyun ya ɗara na farko.

“Ya hau. Ja shi baya. Bari in sassauta miki tukuna.”

Ya sassauta tsirkiyar, na juya sukurun, ya sake ɗaurewa ya saita, ya sake gwadawa. Ya rufe ido, ya karkato kunnen dama.

“Ƙara.”

Na ƙara.

“Kaɗan kuma. Rabin juyi.”

Na juya sukurun a hankali. Sau huɗu muka yi wa ta farko. A na huɗun ya kaɗa na sama-sama, ya kaɗa na danne. Bai buɗe ido ba. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

“Tsaya nan. Kada ki ƙara ko numfashi.”

Haka muka bi su. Rana ta hau, inuwar baranda ta janye ta bar ƙafafunmu a waje, ba mu matsa ba. Wata tsirkiyar na wuce da ita ya ce in dawo, wata sau biyu kawai ta zauna. Siririyar ce kaɗai ba mu taɓa ba, tunda da ita na auna sauran. Baba ta gaji da jira ta kwance mayafi, ta zauna a kujerar tsakar gida tana ɓare gyaɗa, tana cewa ita dai ba ta ga ranar tafiya ba. Amma ba ta ce a yi sauri ba ko sau ɗaya.

Da muka gama na leƙa jakin. Uku sun yi tsani, sauran ukun sun sake wani tsanin, sak yadda na same su ranar da na ce girgizar napep ce. Ba da tef ya mayar da su ba, ko kallonsu bai yi ba, idonsa a rufe yake. Idona ya yi ta ƙaiƙayi, na danne hannuna a ƙarƙashin cinya.

Ya fara kiɗan nan da ya yi ta tsayawa a cikinsa. Ya taso daga sama, ya gangaro, ya iso wurin da yake tsayawa, na riƙe numfashi. Ya wuce. Ya gangara har can ciki inda sauti yake sirancewa, ya daɗe a wurin yana zagayawa, kamar wanda ya dawo daga doguwar tafiya yana leƙa ɗakunan gidansa. Baba ta daina ɓare gyaɗar. Da ya tsaya ta share ido da bakin zane ta ce hayaƙin maƙwabta ne, ta ce kuma in an gama shiriritar a zo a kai ta gida.

Ya kai ta bayan azahar. Jitar ta zauna. Malamin makarantar ya samu saƙon cewa in yana son koyo ya riƙa shigowa Potiskum ranar Lahadi.

Ƙarar kunnen hagun ba ta tafi ba, har yau tana nan, kuma in zan yi masa magana a cikin hayaniya ta dama nake zagayowa. Murfin kuwa bai sake mayar da shi ba, yana cikin aljihun kekena tare da su maɓalli. Sukudirebar ce ta koma jakar jitar, sai da na sayi wata. Duk sanda ya sa sababbin tsirkiyoyi, ko zafin bazara ya taɓa katakon, yakan iya gyarawa shi kaɗai cikin ɗan lokaci, na sani. Amma sai ya fito baranda ya tsaya a kaina.

“Hajiya tela, in kin gama layin nan, zo ki karkata mini ƙarafan nan.”

In ajiye ɗinkin in zo. Ya rufe ido, ya miƙo kunnen dama, ni kuma in riƙe sukudireba ina jiran ya ce ƙara ko tsaya.